Inda Aka Kwana: Shirinmu na Sauti Kan Kakar Sunuka ta 2019/20

Asabar, 6 Janairu 2024

Ni da ƙanena mun ɗaura ɗamarar ba da labarin kakar sunuka ta ƙwararru ta 2019/20 da Hausa, a shirin sauti kashi-kashi da za mu riƙa turawa ta WhatsApp da Telegram. Bincike da rubutu da magana nawa ne, naɗi da tace murya nasa. A nan zan riƙa rubuta inda aka kwana.

Na zaɓi wannan kakar ne saboda ta tsinke a tsakiya. Gasar farko mai maki, wato wadda sakamakonta ke shiga jadawalin matsayin 'yan wasa na duniya, an yi ta a Riga cikin Yulin 2019, lokacin da 'yan wasa ke sauka daga wannan jirgi su hau wancan, yau Sin, jibi Jamus. Gasar duniya kuwa, da aka tsara gamawa ranar 4 ga Mayu, sai 16 ga Agustan 2020 aka kammala ta, bayan korona ta rufe komai. Sannan har yau ana jayayya a kan mai kakar. Judd Trump ya ci gasa shida masu maki, abin da ba wanda ya taɓa yi a kaka guda. Ronnie O'Sullivan ɗaya tak ya ci mai maki, amma ɗayar ita ce ta duniya. Ƙanena ɗan gani-kashe-nin O'Sullivan ne. Na faɗa masa a kan Trump zan gina shirin. Ya ce, "Yaya, ka gina, ai almakashin a hannuna yake."

Kashi na farko bayanin wasa ne zalla, domin yawancin masu sauraronmu a ƙaramin teburin bakin titi suka saba bugawa, mai ƙwallaye masu lamba. Teburin ƙwararru ƙafa 12 ne a tsawo, 6 a faɗi. Jajaye 15, kowace maki 1. Rawaya 2, koriya 3, ruwan ƙasa 4, shuɗiya 5, ruwan hoda 6, baƙa 7. Ka jefa ja, ka jefa mai launi, alƙali ya ciro mai launin ya mayar da ita gurbinta, haka har jajaye su ƙare. Wanda ya bi kowace ja da baƙa, sannan ya share sauran a jere, ya haɗa 147.

Mun kuma yanke ba za mu ambaci masu ɗaukar nauyi ba. Kusan duk manyan gasannin kakar da sunan kamfanin caca a maƙale a goshinsu, mu kuwa ba mu ga dalilin yi musu talla kyauta a kunnen yaran unguwa ba.

Litinin, 15 Janairu

Daren jiya O'Sullivan ya doke Ali Carter 10-7 a wasan ƙarshe na Masters a Alexandra Palace da ke Landan (firem ake ƙirgawa, wato zubi ɗaya daga jera ƙwallaye har a samu mai nasara). Da zafinsa na tsallake jeri na rubuta kashin Masters na Janairun 2020, tunda mutanen nan biyu ne a tsakiyar labarin.

Masters gasar gayyata ce, ta mutum 16 na saman jadawali. A 2020 O'Sullivan ya ce ba ya yi, aka miƙa gurbinsa ga na 17, wato Carter. Mai kujerar aro sai ya kakkaɓe Mark Selby, ya kakkaɓe John Higgins, ya kakkaɓe Shaun Murphy, ya tsinci kansa a wasan ƙarshe da Stuart Bingham. Har ya wuce gaba 7-5 kafin Bingham ya farfaɗo ya gama da shi 10-8, ya tafi da fam 250,000. Na ba Carter fili sosai a rubutun. Mutum ne da ya daɗe yana fama da ciwon hanji na Crohn, ya yi jinyar ciwon daji a 2013 da 2014, kuma yana da lasisin tuƙa jirgin sama, shi ya sa ake ce masa Kyaftin.

Bingham na da shekara 43 a lokacin, ya zama mafi yawan shekaru da ya taɓa cin Masters, ya ture Ray Reardon na 1976. Wannan bajintar ce O'Sullivan ya karɓe jiya yana da 48. Wanda ya ƙi zuwa a 2020 ya dawo ya doke wanda ya zauna a kujerarsa, ya kuma ƙwace tarihin wanda ya ɗauki kofin. Dole in ƙara wannan a ƙarshen kashin.

Trump, mai riƙe da kofin a lokacin, tun zagayen farko Murphy ya sallame shi 6-3. Ƙanena ya ce a ja layi a ƙarƙashin wannan da jan biro.

Lahadi, 28 Janairu

An gama rubutun kashi na biyu da na uku, Riga da zangon Asiya.

Riga ta zo da rikici tun kafin a ɗaga sanda: matsalar jirgi ta hana 'yan wasa da dama isa Latbiya, aka ba abokan karawarsu nasara a zaune. Yan Bingtao na Sin, ɗan shekara 19, ya doke Mark Joyce 5-2, ya zama na farko cikin waɗanda aka haifa a 2000 da ya ci gasa mai maki. A nan na tsaya ina taunar biro. Mai sauraro na yau yana da haƙƙin sanin cewa a Yunin 2023 an dakatar da Yan shekara biyar saboda magudin sakamako, cikin 'yan wasan Sin goma da aka hukunta, biyu daga cikinsu, Liang Wenbo da Li Hang, har abada. Amma idan na buɗe da wannan, na ɓata wa mai sauraro yaron da ke gabansa a 2019, wanda ke wasa da natsuwar dattijo, ba ya gaggawar jefawa, ya fi son ya ɓoye fara, ƙwallon da ake bugawa da sanda, ya jira. Abin da na yi: na ba da labarin Riga yadda ta faru, na ajiye hukuncin a jimla uku a ƙarshe, ba tare da wa'azi ba.

Trump ya koma teburi a Daqing cikin Agusta, gasarsa ta farko tun da ya zama zakaran duniya, ya nakasa Murphy 10-3. Amma zangon nan na Murphy ne idan juriya ake magana. Ya sha kashi a Daqing, ya sake sha a Shanghai hannun O'Sullivan 11-9, bai karaya ba, ya je Guangzhou ya doke Mark Williams 10-9. Selby ya ci English Open a Crawley, 9-1 a kan David Gilbert. Trump ya ƙara na biyu a Yushan, 10-5 a kan Thepchaiya Un-Nooh na Tailan.

Neil Robertson bai ma je Yushan ba. Wasan share fage a Barnsley ta Yorkshire aka sa, shi kuwa ya danna sunan garin a na'urar nuna hanya ta motarsa, ta ɗauke shi zuwa wani ƙauye mai suna Barnsley a Gloucestershire. Kafin ya farga lokaci ya ƙure. Sai da muka tsayar da naɗi a nan, ƙanena ya kasa daina dariya.

Litinin, 12 Fabrairu

Ba wanda ke son jin zancen sunuka yau, bayan Kwaddibuwa ta doke Najeriya 2-1 jiya. Mun ɗage sakin kashi na uku zuwa ƙarshen mako.

Mun koma yin naɗi bayan sallar asuba, kafin janaretan maƙwabta su tashi. Ƙanena ya rataya barguna biyu a bangon ɗaki, ya ɗora wayar a kan matashi, ya cusa tsumma a ƙasan ƙofa. Muryar ta daina amsa-kuwwa. Tunda ba mu da izinin amfani da sautin talabijin, ya je wurin mai teburin unguwarmu ya naɗo ƙarar ƙwallaye da ta goga alli a bakin sanda, da su muke raba sassa.

Nuwamban 2019 ya fi kowane wata daɗin rubutu. A Coventry, wasan ƙarshe na Champion of Champions, Robertson da Trump sun haɗa maki ɗari a tashi ɗaya har sau takwas, biyar na Robertson. Trump na gaba 9-8, maki da suka rage a teburi ba su isar Robertson ba sai ya tilasta masa yin laifi. Ya tilasta masa, aka yi kunnen doki, aka mayar da baƙa, ya jefa ta, sannan ya share firem na ƙarshe da 137. Mako guda bayan wannan ciwon Trump ya je Belfast ya doke O'Sullivan 9-7. Haka ya doke shi a wasan ƙarshe na gasar a 2018, 9-7, haka kuma a 2020, 9-7. Na karanta wa ƙanena wannan layin a hankali, har da maimaici.

Lahadi, 25 Fabrairu

Kashin UK Championship na York ya shiga hannun mai tacewa.

Na buɗe shi da Amine Amiri na Maroko, wanda ya sami katin shiga sahun ƙwararru bayan ya ci zinare a wasannin Afirka na 2019. A York a lokacin mutum 128 ne ke farawa tare, na ɗaya da na ƙarshe, don haka Trump ya faɗo masa a zagayen farko. An tashi 6-0. Ban yi wa sakamakon kwalliya ba. Tazarar da ke tsakanin gwanin nahiyarmu da gwanin duniya ke nan a lokacin, kuma ba a hannu take ba kawai, tana cikin teburi mai kyau da abokan atisaye da kuɗin zama a Ingila.

Sai ga Nigel Bond, ɗan shekara 54, wanda ya buga wasan ƙarshe na gasar duniya tun 1995, ya fitar da Trump 6-3. Jan biro na biyu.

Kofin Ding Junhui ya ɗauka, ya doke O'Sullivan 6-4 a hanya, sannan Stephen Maguire 10-6 ranar 8 ga Disamba. Karo na uku ke nan, bayan 2005 da 2009. Ding ya shafe sama da shekara biyu bai ci komai mai maki ba, ana ta cewa ya ƙare. Duk gasannin nan na Daqing da Yushan da Guangzhou, da kuɗin da ke cikinsu, a bayan nasarar da ya yi a China Open ta 2005 yana ɗan shekara 18 suka tsiro. Selby ya rufe shekarar a Glasgow, 9-6 a kan Jack Lisowski. Layi biyu na ba shi.

Alhamis, 7 Maris

Jiya O'Sullivan ya doke Luca Brecel 5-2 a Riyad, gasar ƙwararru ta farko a Saudiyya. Tun Disamban 2019 aka sanar da yarjejeniyar shekara goma da Saudiyya, da niyyar farawa a Oktoban 2020. Korona ta ture ta, sai yanzu. Na saƙa wannan a kashin hunturu.

Robertson ya buga wasan ƙarshe uku a mako uku: 9-0 a kan Zhou Yuelong a Dornbirn ta Ostiriya, sannan ya sha 9-6 hannun Trump a Tempodrom da ke Balin, sannan 10-8 a kan Graeme Dott a Cheltenham. Murphy ya yi wa Kyren Wilson 9-1 a Cardiff. Michael Holt ya ci Shoot Out, gasar firem ɗaya na minti goma da 'yan kallo ke ihu kamar a filin ƙwallo, kofinsa na farko mai maki yana da shekara 41. Ni dai har yau ban gamsu a ba irin wannan gasa maki ba, kuma na faɗa a shirin. Trump ya ƙara na biyar a Southport, 10-4 a kan Yan.

Litinin, 25 Maris

Azumi ya sauya mana jadawali. Muryata ba ta fita da rana, don haka sai bayan tarawihi muke zama, lokacin da unguwa ta fi hayaniya. Rubutu na tafiya, naɗi na jan ƙafa.

Gibraltar Open, 13 zuwa 15 ga Maris 2020. A makon ne Hukumar Lafiya ta Duniya ta ayyana korona a matsayin annobar duniya. An riga an ɗage China Open ta Beijin. 'Yan wasa da dama suka janye, aka fara da 'yan kallo kaɗan, aka koma ba kowa, alƙalai suka yi ƙaranci har wasu 'yan wasa suka riƙa ciro ƙwallaye daga rami suna mayarwa da hannunsu. A cikin wannan yanayin Trump ya doke Wilson 4-3 ya cika shida. Kafin nan biyar ce iyaka, kuma mutum huɗu ne suka taɓa kai ta: Stephen Hendry a 1990/91, Ding a 2013/14, Selby a 2016/17, O'Sullivan a 2017/18. Tarihin da ya tsaya kusan shekara talatin ya faɗi a ɗakin da ba mai tafi.

Ina ganin wannan na cikin dalilan da suka sa ba a ba shidan Trump girman da ya kamace su. Ranar da ya kafa tarihin hankalin duniya na kan asibitoci da filayen jirgi, sannan wasa ya tsaya cak wata biyu da rabi. Ba a samu makon da za a zauna a yi ta zancensa ba.

Ƙanena ya kawo shawara mai kyau: daga wannan kashin zuwa gaba ya cire duk sautin tafi da muke sawa a bayan murya. Ƙarar ƙwallo kawai za ta rage.

Jiya Trump ya doke Ding 10-4 a Yushan, kofinsa na biyar mai maki a kakar bana.

Asabar, 13 Afrilu

Barka da Sallah. Kashin Milton Keynes ya kammala.

Ranar 1 ga Yunin 2020 sunuka ta dawo a Marshall Arena, cikin wasannin farko da aka koma nunawa kai tsaye a Birtaniya. Dalilin zaɓar wurin shi ne otal na manne da ɗakin wasa: a gwada ka, ka shiga ɗakinka ka jira sakamako, ka sauko ka buga, ba ka taka titi ba. Brecel ya ci wannan Championship League ɗin.

A wurin aka yi Tour Championship ta mutum takwas. Ding na Sin bai samu zuwa ba, aka kira Maguire ya cike gurbi. Rabon kwaɗo ba ya hawa sama. A wasansa na farko ya yi ɗari a tashi ɗaya sau shida cikin firem tara da ya ci Robertson, ya fitar da Trump, ya doke Mark Allen 10-6. Da kuɗin kofi da ladan jerin gasannin da na maki mafi yawa, fam 260,000 ya kwasa a mako guda, mutumin da rabonsa da kofi mai maki tun Welsh Open ta 2013. Sau biyu ke nan a kakar ɗan cike gurbi na kaiwa wasan ƙarshe.

A tsakiyar watan ne Willie Thorne, tsohon ɗan wasan sunuka, ya rasu a Sifen. Mun yi masa minti ɗaya a ƙarshen kashin.

Talata, 7 Mayu

Kyren Wilson ya zama zakaran duniya daren jiya, 18-14 a kan Jak Jones. Ina tsaka da rubuta yadda ya sha kashi a wasan ƙarshe na 2020. Yanzu dole in sake sautin kashin gaba ɗaya, domin wanda nake ba da labarinsa a matsayin mai rashin rabo ya riga ya samu.

Gasar 2020 ta fara ranar 31 ga Yuli a Crucible da ke Sheffield, ɗakin wasan kwaikwayo mai kujera 980 da ke karɓar gasar tun 1977. Gwamnati ta zaɓe ta don gwajin dawo da 'yan kallo. Anthony Hamilton, mai ciwon asma, ya ce ba zai sa ransa a haɗari ba, ya janye, Wilson ya wuce zuwa zagaye na biyu bai buga ba. An shigar da mutane ranar farko, a ranar kuma Firaminista Boris Johnson ya sanar da dakatar da gwajin. Daga nan sai tafin na'ura ake sakawa idan an yi abin kirki.

O'Sullivan ya gama da Thepchaiya 10-1 cikin minti 108, wasa mafi sauri a tarihin ɗakin. Higgins ya yi 147 gaban kujeru wayam, kuma duk da haka Kurt Maflin na Nowe ya fitar da shi 13-11. Trump ya sha da ƙyar hannun Tom Ford 10-8 da Yan 13-11, sannan Wilson ya tare shi 13-9 a kwata fainal. Tun 1977 ba wanda ya ci kofin karon farko ya kuma riƙe shi a shekarar da ta biyo, Brecel ma bana tun zagayen farko ya fita. Trump ya rufe kakar da ɗari a tashi ɗaya sau 102, ɗaya ya rage ya kamo 103 na Robertson na 2013/14.

Jan biro na uku. Manyan kofuna uku na sunuka, York da Landan da Sheffield, ko kusa da wasan ƙarshe bai je ba.

Lahadi, 19 Mayu

Juma'a 14 ga Agustan 2020 ta ci kashi guda ita kaɗai, kuma ta fi kowane kashi tsawo. Wasannin kusa da na ƙarshe biyu, duka 17-16, a yini ɗaya.

Da rana Wilson da Anthony McGill na Sikotilan. Firem na 33 ya ɗauki sama da awa guda, kuma na kalle shi da takarda a hannu, ina tsayarwa ina rubuta kowane bugu, don ba yadda za a ba da labarinsa da ka. Ja ɗaya ta rage. Wilson ya ɓoye fara, McGill ya yi ta ƙoƙarin taɓa jar ta gefen teburi yana kuskurewa, alƙali na mayar da ƙwallaye inda suke yana cewa a sake, sau takwas, maki 35 suka tafi a banza. Kowa ya ɗauka an gama. Sai Wilson ya shiga jefa fara a rami da hannunsa, ya mayar da McGill cikin wasa. Aka zo kan koriya. Wilson ya buge ta don ya nisanta ta kawai, ta zaga gefuna ta faɗa rami. Bai yi murna ba. Ya ɗaga hannu yana ba da haƙuri, ya sunkuyar da kai, sai da ya ɗauki lokaci kafin ya iya komawa teburi. An tashi 103-83. Firem da ba laifi a cikinsa ba ya wuce 147 duka-duka, wannan ya tara 186.

Wahalar a nan ita ce faɗa wa wanda ba ya gani inda kowace ƙwallo take. Na ɗauki salon masu sharhin dambe a rediyo: gajerun jimloli, suna da aiki, ba kwana-kwana. Na gwada shi a kan mai teburin unguwarmu, na karanta masa, na ce ya jera ƙwallaye yadda ya ji. Ya ajiye koriyar tazarar tafin hannu daga inda take a bidiyo. Ya ce, "Malam, wannan ai ba iyawa ba ce, rabo ne." Haka Wilson ma ya ɗauke ta.

Da dare O'Sullivan da Selby. Selby ne ya doke shi a wasan ƙarshe na 2014, kuma shi ne mutumin da ya fi iya ɗaure shi, ya rage gudun wasa har ya gundure shi. Selby na gaba 16-14, firem ɗaya yake nema. O'Sullivan ya fara wani abu da ba a saba gani ba a wannan mataki: idan aka ɓoye masa fara, maimakon ya lallaɓa ya fita, sai ya maka ta da ƙarfi, abin da zai faru ya faru. Sannan ya yi 138, ya yi 71, aka zo 16-16. A na ƙarshe ya yi 64 ya tsaya, aka koma ɓoye-ɓoye a kan ja ta ƙarshe, kuma a wasan da Selby ya fi kowa iyawa O'Sullivan ya ci shi. Bayan an tashi Selby ya ce waɗancan bugun rashin girmamawa ne gare shi da wasan. Na sa maganarsa, na sa amsar O'Sullivan cewa bai ga wata mafita ba, ban yanke hukunci ba. A raina ina ganin Selby na da 'yar gaskiya, amma da shi ya ci da bai ce komai ba.

Lahadi, 2 Yuni

Wasan ƙarshe bai da tsawo a rubutu domin bai da tsawo a teburi. An bar mutum wajen 300 suka shiga. Marcel Eckardt na Jamus ne alƙali. O'Sullivan ya kwana a gaba 10-7, Wilson ya ci na farko washegari, daga nan bai sake cin ko ɗaya ba: 18-8. Kofi na shida, fam 500,000, yana da shekara 44, kuma kofinsa na 37 mai maki, ya wuce 36 na Hendry.

Jiya mun kai wa Kawu shirin ya saurara. Ya yi karatu a Ingila, kuma yana cikin mutum miliyan 18.5 da suka raba dare suna kallon Dennis Taylor da Steve Davis a kan baƙar ƙarshe a 1985. Ƙanena ya zube masa jan bironsa uku. Na ce, "Kawu, Allah ya ƙara maka lafiya, Daqing, Yushan, Belfast, Balin, Southport, Gibraltar. Daga Agusta zuwa Maris duk wanda ya duba jadawali sunan da yake tsoron gani ke nan. O'Sullivan kwana 17 ya yi." Kawu ya ce, "Ɗana, lissafa min firem." Na lissafa. A Gibraltar wasa bakwai, firem huɗu-huɗu, 28 ke ba ka kofi. A Crucible 10, 13, 13, 17, 18, wato 71, kuma sai ka kwana da rashin nasara ka tashi ka dawo, kamar yadda O'Sullivan ya dawo daga 7-2 hannun Williams. Ya ce, "To, ba abu ɗaya ake aunawa ba."

Ban sauya ginin shirin ba. Labarin kaka labarin mako-mako ne, kuma makonnin na Trump ne. Amma na yarda a naɗi gardamar kanta a matsayin kashi na ƙarshe, mu uku, Kawu a tsakiya, ba tare da takarda ba. Ya ce sai bayan babbar Sallah.

Kafin nan akwai sake naɗin kashin Wilson da sabon rubutu, da gajeren kashi kan gasannin da na tsallake, ta jajaye shida a Bankok da Maguire ya ci da Paul Hunter Classic ta Barry Hawkins. Kashin 14 ga Agusta ya yi nauyi a WhatsApp, masu ƙaramin data sun koka. Ƙanena zai raba shi biyu, na rana da na dare.